Tsohon da Muke Buɗe wa Ido Duk Wata

Aikin rubuta wasiƙar ƙungiyarmu ya faɗo kaina ne ranar da na makara zuwa taro. Ina shiga na tarar an gama rabon aiki. Shugaba ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Malama, tunda ke ce mai koyar da Hausa, mun ba ki wasiƙa." Na nemi wuri na zauna, aka ci gaba da maganar tayar mota.

Ƙungiyar ba wata babba ba ce. Muna ɗauko tsofaffin da yanar ido ta hana gani daga Argungu da ƙauyukan bakin gulbi, mu kawo su asibiti a Birnin Kebbi a yi musu aiki, mu ciyar da su, mu mayar da su gida. Muna da tsohuwar bas da direbanta. Masu ɗaukar nauyin aikin kuwa 'yan kasuwa ne da ma'aikatan gwamnati, sai 'yan garin nan da neman abinci ya kai Legas da Abuja. Shugabanmu, wani Alhaji da ya yi ritaya daga aikin gwamnati, ya yi imani cewa mai bayarwa in ya yi wata bai ji ɗuriyarka ba ya manta da kai. Don haka duk ƙarshen wata sai an rubuta musu. Na cikin gari a kai musu takarda hannu da hannu, na nesa a tura musu ta waya.

Wasiƙar farko ta yi kyau, ni ma na sani. Na fara da gaisuwa da fatan alheri, na ba da labarin wani tsoho da ya daɗe sai an ja masa sanda, aka yi masa aiki, ya ga haske, ya ɗaga hannu yana sa wa masu taimako albarka. Shugaba ya karanta wa 'yan kwamiti da ƙarfi, har ya tsaya ya goge tabarau a tsakiya. Wata na biyu tsohuwa ce. Ita ma ta daɗe ba ta gani, aka yi aiki, ta ga haske, ta sa albarka. Wata na uku na koma kan tsoho. Labaran daga bakin direba nake samun su, domin ranakun da bas ke tafiya ina aji. Shi kuwa direba in ka tambaye shi yadda aka yi, amsarsa ɗaya ce: "Alhamdu lillahi, sun gani, sun gode."

Haka muka yi ta yi har shekara ta zagayo. Wata rana na shiga babbar kasuwa sayen yadi, na biya ta shagon wata Hajiya mai sayar da atamfa, wadda tun kafuwar ƙungiyar ba ta taɓa fashin bayarwa ba. Muka gaisa, ta sa aka ba ni kujera da ruwan sanyi, sannan ta ce, "Malama, ina son in tambaye ki wani abu. Wanga tsoho da kuke buɗe wa ido duk wata, shi ɗaya ne ko suna da yawa?"

Na ce suna da yawa.

Ta ce, "To, madalla. Ni na ɗauka idon ne ke sake rufewa."

Ba da wasa ta faɗa ba, ba kuma da faɗa ba. Ta juya ta ci gaba da auna wa wata mata leshi.

Na kai maganar gaban kwamiti. Aka yi zama na musamman a falon shugaba a kan yadda za a sabunta wasiƙa. Shugaba ya ce a gwada waƙa, mutanenmu suna son waƙa. Na tsara baitoci masu amsa-amo, na sha wahalarsu ƙwarai, aka tura. Wani daga Legas ya bugo yana tambaya ko mun daina aikin ido ne. Ma'aji ya ce a sa hotuna. Aka sa. Sai dai tsoho da filasta a ido ɗaya, zaune kan bencin asibiti, duk inda ya fito kamarsa ɗaya ce da ɗan'uwansa. Wani matashi mai kantin magani ya kawo shawarar a rubuta wasiƙar da muryar idon kansa, wato ido ne ke gode wa jama'a. Shugaba ya ce shi a saninsa ido ba ya magana, aka wuce wurin. Mun gwada takarda mai launin ruwan ƙwai. Mun gwada farawa da yanayi: in damina ce a fara da ruwa, in azumi ya gabato a fara da falalar ciyarwa. Bayan sakin layi na farko dai tsohon nan yana nan yana jiran mu, ya ɗaga hannu.

Da aka ba mu hutun makaranta, sai na ce bari in bi bas sau ɗaya. Tafiyar dubiya ce, wato a bi waɗanda aka yi wa aiki gida-gida a ga yadda idon ke warkewa. Direba da wata nas suka ɗauke ni a bakin titi a Gwadangaji da hantsi. Muka wuce Zauro shinkafa ta yi kore shar a fadama, muka isa Argungu rana ta fara zafi.

Gidan farko tsohuwa ce. Nas ta ɗaga mata fatar ido ta haska, ta ce lafiya lau. Na buɗe baki zan tambaye ta farin cikin da ta ji, sai ta riga ni. Ta ce duk shekarun nan ana ce mata an share tsakar gida, ashe ba a sharewa. Ta nuna mini bayan randa da sandarta, ta ce in je in duba da kaina. Na je na duba. Gaskiyarta ne.

Gida na uku shi ne na Baba. Haka kowa ke kiransa, ni ma haka na kira shi har ƙarshe. Tsohon masunci ne, dogo, ƙasusuwan kafaɗarsa kamar an rataye riga a kan sanda. Muka same shi a zaure ya baje taru a kan ƙafafunsa yana kwance ɗinkin da 'ya'yansa suka yi, yana sake ɗaurewa. Ido ɗaya aka yi masa, ɗayan aka ce sai wannan ya warke. Nas na dubansa yana ci gaba da aikinsa.

Na ce, "Baba, da aka cire maka filasta, me ka fara gani?"

Ya ce, "Likita."

Na ce, "Bayan shi fa?"

Ya ce, "Da munka dawo gida na ga uwar yaran ga. Na ce mata ta tsufa."

Daga bayan labulen zaure wata murya ta ce, "Hwaɗa mata abin da na ce maka."

Baba ya ce, "Ta ce in jira in ga kaina. Ta kawo madubi."

Na ce, "Sai me?"

"Sai na ba ta haƙuri."

Da muka fito, babban ɗansa ya biyo mu har bakin mota. Magidanci ne da furfura ta fara fito masa. Ya gaishe ni da ladabi, ya yi godiya mai tsawo, ya sosa ƙeya, sannan ya ce yana da roƙo. Ko zai yiwu a jinkirta aikin ɗaya idon har bayan rani? Na tambaye shi dalili. Ya ce akwai wata gonar Baba can cikin fadama, wadda tun kakanni shinkafa ake yi a cikinta. Da idon Baba ya rufe, shi da ƙannensa suka ga albasa ta fi riba a wurin, suka mayar da ita ta albasa, amma duk shekara suna ce masa shinkafa ta yi kyau. Yanzu da ido ɗaya ma ya hana kowa sakat a gida. In aka buɗe na biyu, ƙafarsa ƙafar fadama.

Nas ta ce ita ba ruwanta da albasa, likita ne ke sa rana.

Na koma zaure da sunan na manta jakata, wadda kuwa na manta ɗin. Ina shiga Baba ya ce, "Maganar gona ce ya tsare ku da ita ko?" Ya ja zare da haƙori ya ce, "Ido na rasa, ɗiyata, ban rasa hanci ba. Duk rani sai su shigo suna warin albasa su ce mini shinkafa ta yi kyau. Ni ko in ce Allah shi ƙara albarka."

Na ce, "Me ya hana ka faɗa musu ka sani?"

Ya ce, "In na hwaɗa, mi za su riƙa ba ni labari?"

A hanyar dawowa ina ta juya zancen a raina. Washegari da safe na zauna na rubuta wasiƙar a zama ɗaya. Ban fara da gaisuwa mai tsawo ba. Na fara da madubi, na bi da taru, na ƙare da albasa. Ban sa suna ba, ban sa unguwa ba.

Shugaba ya karanta har ƙarshe, ya juya bayan takardar ya ga ba komai, ya ce, "Malama, ina godiyar?"

Na ce tsohon bai yi godiya ba, ɗansa ne ya yi.

Ya ce mutane suna ba da dukiyarsu don neman lada, ba don su ji an yi wa tsohuwa gorin tsufa ba. Ma'aji ya ce shi dai ya yi dariya, amma bai sani ba ko ya halatta a yi dariya a wasiƙar neman taimako. Aka daɗe ana ja. A ƙarshe aka daidaita cewa za a ƙara addu'a a ƙasa, kuma sai na koma na nemi izinin mai labarin.

Na koma Argungu a motar haya. Na karanta wa Baba, matarsa tana saurare daga bayan labule, babban ɗan yana tsugune a bakin ƙofa. Da na zo kan albasa ɗan ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa da tsinke. Baba bai ko dube shi ba. Da na gama ya ce ya yarda, da sharaɗi biyu. Kada a ce shi abin tausayi ne, domin yana da gida da jirgi da 'ya'ya, ido ne kawai ya ƙi. Kuma a ƙara cewa ɗinkin tarun da ya kwance ba ɗinki ba ne. Na ƙara. Daga baya na ji cewa ranar ce uban da ɗan suka fara maganar gona a fili, kuma albasar ta zauna, sai dai yanzu da sanin mai gona.

Aka tura wasiƙa. Wayata ba ta saba ƙara a kan wannan aiki ba, amma makon nan ta yi. Wani daga Abuja ya ce ya karanta wa mahaifiyarsa, ta ce a tambayo mata wace irin albasa ce. Wata ma'aikaciyar banki ta ce a gaida mai madubi. Wani dattijo kuma, wanda ya daɗe tare da mu, ya aiko da saƙo cewa mun mayar da tsofaffi abin dariya, a cire shi daga cikin masu karɓar wasiƙa. Aka cire shi. Shugaba ya je gidansa har sau biyu bai sauko ba, kuma har yau in mun haɗu a wurin biki gaisuwarmu ba ta wuce ta hannu daga nesa. Abin ya dame ni, don mutumin kirki ne, kuma ban tabbata cewa ba shi da gaskiya ko kaɗan ba.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne mutane su fara tambayar ci gaba. Watan da ya biyo baya na rubuta labarin tsohuwa mai bayan randa, aka karanta, aka ce to, ina Baba? Dole na riƙa ƙara ɗan sakin layi a ƙasa. Baba ya koma shiga jirgi. Baba ya kori wani mai sayen kifi da ya saba yi wa 'ya'yansa wayo a ciniki. Baba ya je masallacin Juma'a shi kaɗai, ya dawo da takalmin wani. Shugaba, wanda da farko ya ƙi, shi ne yanzu yake tambayata tun tsakiyar wata, "Me Baba ya yi?"

Shi ma Baba ya gane ana jiran sa. Ina zuwa sai in tarar ya tanadi labari, wani lokaci har da ƙari. Ya taɓa ce mini ya kama giwan ruwa da ya fi shi tsawo, matarsa ta ce daga ciki tarwaɗa ce, kuma an riga an cinye. Na rubuta duka biyun. Amma a hankali na ga abin da ya faru da tsohon wasiƙun farko yana neman faruwa da wannan. Na fara sanin abin da zai ce kafin ya ce. Shi ma wata rana da na zauna na gyara biro, sai ya ce, "Ɗiyata, wanga wata ba ni da komi. Na tashi, na yi salla, na tahi gulbi, na dawo. Na koma mutum kamar kowa."

Na ce wannan ma labari ne.

Ya ce, "To rubuta, amma ba mai karantawa."

Bayan rani aka kawo shi aikin ido na biyu. Na je asibitin da kaina. Likita ya daɗe yana dubawa, sannan ya kira mu gefe, ni da babban ɗan. Ya ce wannan idon ba yana kaɗai ba ce, jijiyar ta riga ta mutu, ko an yi aiki ba zai gani ba. Ɗan da ya roƙi a jinkirta, sai ga shi yana tambayar likita ko jinkirin ne ya jawo. Likita ya ce a'a, abin ya daɗe, tun kafin a san za a yi na farko. Ya maimaita masa har ya ga ya ji.

Ni aka bar wa faɗa wa Baba. Yana zaune kan benci da 'yar jakarsa ta kwana, ya sa sabuwar hula. Na faɗa masa yadda likita ya faɗa. Ya shafa gefen idon da yatsa, ya ce, "Allah shi ya ba da, shi ya karɓa." Can kuma ya ce, "Abincin da kunka ce ana ba waɗanda anka yi wa aiki, mu da ba a yi wa ba muna ciki?" Na ce yana ciki. Ya ci, muka mayar da shi gida da la'asar. A mota ya jingina kai da taga, ta gefen idon da ke gani.

Shugaba ya ce kada a sa wannan a wasiƙa, zai karya wa mutane gwiwa. Na ce wata da watanni suna tambayar ido na biyu, in muka yi shiru za su tambaya. Ya ce to a ce an ɗage. Na ce ba a ɗage ba. Bai ce in rubuta ba, bai ce kada in rubuta ba, ya tashi ya tafi alwala. Na rubuta gajeriyar wasiƙa, ita ce mafi gajarta da na taɓa yi. Na ce an duba, ba zai yiwu ba, ga abin da likita ya ce, ga abin da Baba ya ce. Na ce akwai irin wannan a cikin waɗanda muke ɗaukowa, ba kowa ke komawa da abin da ya zo nema ba, kuma a da ba ma faɗa. Ba wanda ya bugo ya yi dariya, ba kuma wanda ya fita. Mutum biyu ko uku suka ce a gaishe shi.

Da na kai masa gaisuwar, ya amsa, sannan ya miƙe ya ɗauki sandarsa, wadda yanzu don ƙafa yake riƙe ta, ya ce in biyo shi. Muka bi wani lungu zuwa wani zaure. A ciki akwai wani tsoho gajere mai ƙiba, zaune kan buzu, idanunsa biyu fari fat. Abokin Baba ne tun suna yara, mahauci ne a da. An yi da shi ya bi bas ya ƙi, ya ce ba mai sa masa wuƙa a ido, shi da ya san abin da wuƙa ke yi.

Baba ya ce, "Ga malamar da nake gaya maka. Na kawo ta ta gan ka."

Mahaucin ya ce, "Ni ko ba ni ganin ta."

"Shi ya sa na kawo ta."

"Kai da anka yi ma, ba ga shi ɗaya ya ƙi ba?"

"Ɗaya ya ƙi, ɗaya ya yi. Kai nawa gare ka?"

Suka yi ta musu ina zaune, har aka kira azahar. Ba wanda ya nemi jin ta bakina. Daga ƙarshe mahaucin ya ce zai je, amma sai in a gidan gaba zai zauna kusa da direba, don bayan mota na sa shi amai, kuma Baba ya raka shi. Baba ya ce shi ba ɗan rakiya ba ne, amma yana da sayayyar zare a Birnin Kebbi.

Ranar da bas ta je ɗaukar sabbin marasa lafiya, su biyun suka shiga gaba, nas ta koma baya tare da ni. Mahaucin ya riƙe hannun ƙofa tun daga Argungu har asibiti, yana faɗa wa direba ya rage gudu, Baba kuma yana gaya masa sunan duk garin da muka wuce, shi yana cewa ya sani. Aka yi masa aikin washegari, ido ya buɗe. Wasiƙar wannan watan a kansa na yi ta. Da na je neman izini ya ce sai an biya shi, Baba ya ce shi kyauta ya yi nasa, suka sake sabon musu, na bar su a zaure na tafi tasha don kada mota ta wuce ni.